Farauta a Duhun Teku: Yadda Ake Neman Jirgin Ƙarƙashin Ruwa da Yadda Yake Ɓuya



  Na san akwai wanda zai ce a ransa, mu da yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, ina ruwanmu da abin da ke yawo a ƙarƙashinsa? Ina roƙon mai wannan tambaya ya riƙe ta, za mu zo kanta.

Bari in soma da wani abu da ya faru a farkon watan Fabrairun 2009. Cikin dare, a tsakiyar Tekun Atlantika, jiragen yaƙi biyu na ƙarƙashin ruwa suka yi karo da juna. Ɗaya na Birtaniya ne mai suna Vanguard, ɗayan na Faransa mai suna Le Triomphant. Kowannensu ya fi filin ƙwallo tsawo, kowannensu an gina shi don ɗaukar makamai masu linzami 16 masu kan nukiliya, kowannensu kuma yana da na'urorin sauraro mafi tsada da ƙasarsa ta mallaka. Duk da haka babu wanda ya ji zuwan ɗan'uwansa. Faransawa ma da farko sun zaci wata kwantena ce da ta faɗo daga jirgin kaya suka buga. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Da aka tambayi ministan tsaron Faransa na lokacin yadda aka yi haka, sai ya ce ai jiragen nan ko ƙarar jatan lande ba su kai ba.

Ga mai kallo daga nesa wannan abin kunya ne. Ga injiniyoyin da suka ƙera jiragen kuwa, shaida ce cewa aikinsu ya yi kyau. Laccata ta yau bayani ce a kan yadda aka iso wannan matsayi, bayan shekaru ɗari ana wasan ɓuya tsakanin mai nema da wanda ake nema. Maganar da nake so ku tafi gida da ita guda ɗaya ce: a cikin teku, duk wanda ya buɗe baki don ya gano abokin gaba, ya riga ya faɗa masa inda yake.

Inda ido ba shi da amfani

Ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na doron duniya, kuma matsakaicin zurfin teku ya kai kimanin mita 3,700. Hasken rana kan raunana ƙwarai bayan mita 200, kafin a kai mita 1,000 kuwa duhu ne baƙi ƙirin. Ido dai ya fita daga lissafi.

To na'urar rada fa? Kada ku rikita ta da raɗa, domin ita rada ba ta san raɗa ba, kururuwa take yi. Takan harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi abu ta dawo, daga lokacin da ta ɗauka a gane nisansa. A sararin sama wannan dabara tana aiki har ɗaruruwan kilomita. Amma ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, don haka yana shanye ƙarfin igiyar nan take. Irin igiyar da rada ke amfani da ita ko taƙi ɗaya ba ta shiga cikin ruwan teku kafin ta mutu. Jirgin da ya nutse mita ashirin kacal ya ɓace wa rada kamar ba a taɓa ƙera shi ba.

Abin da ruwa ke ƙauna shi ne sauti. A iska sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa, a ruwa kuwa kusan mita 1,500, kuma yana nisa ba tare da ya gaji ba. Tun a 1826 wani masani mai suna Daniel Colladon da abokinsa Charles Sturm suka auna wannan a Tafkin Geneva. Suka sa jiragen ruwa biyu nesa da juna. A ɗaya aka buga ƙararrawa a cikin ruwa, a daidai lokacin aka kunna albarushi. Wanda ke ɗaya jirgin ya ga walƙiyar, ya soma ƙidaya har sautin ya iso masa ta wani ƙaho da ya tsoma a ruwa. Lissafinsu ya ba da mita 1,435 a daƙiƙa, wanda bai yi nisa da abin da na'urorin zamani ke nunawa ba.

Haihuwar sona

Abubuwa biyu suka tura masana su mai da wannan ilimi makami. Na farko nutsewar jirgin Titanic a 1912 bayan ya bugi dutsen ƙanƙara. Shekaru biyu bayan haka, Reginald Fessenden ya gwada wata na'ura mai aika sauti, ya gano dutsen ƙanƙara daga nisan kusan kilomita uku. Na biyu kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 22 ga Satumba 1914, wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba U-9 ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Birtaniya uku cikin ɗan lokaci, mutum sama da 1,400 suka halaka. Ƙasar da take taƙama ita ce sarauniyar teku ta wayi gari ba ta san da me za ta ga maƙiyinta ba.

A Faransa, Paul Langevin ya yi amfani da wani farin dutse mai kama da ƙarau, wanda in an ba shi lantarki yakan girgiza, in an girgiza shi kuma yakan fitar da lantarki. Dutse ɗaya ya zama baki, ya kuma zama kunne. Daga nan aka samu na'urar da Ingilishi suka fara kira ASDIC, daga baya sunan da Amurkawa suka ba ta, wato sona, ya rinjaya.

Aikinta irin na jemage ne. Jemage yakan yi tsuwa, ya saurari yadda sautin ya dawo, da haka yake ratsa rassan bishiya cikin dare. In sona ta aika sauti ya dawo bayan daƙiƙa huɗu, ya yi tafiyar mita 6,000 ke nan zuwa da dawowa, abin da ya buga yana nisan mita 3,000. Wannan ita ce sona mai magana. Akwai kuma sona mai sauraro, wadda ba ta cewa uffan, kunne kawai take kasawa.

Bambancin su biyun shi ne ƙashin bayan laccar nan, don haka bari in ba da misali. Ku ɗauki mai gadi da tocila a cikin dare. Shi yana ganin abin da ke gabansa taku ashirin ko talatin. Ɓarawo kuwa yana hango hasken tocilar tun daga bakin unguwa. Dalili shi ne hasken da zai kai idon ɓarawo tafiya ɗaya zai yi, wanda zai nuna wa mai gadi ɓarawon kuwa sai ya je ya dawo. A lissafi, in nisa ya ninka sau biyu, abin da ke isa wurin wanda ake nema yakan ragu sau huɗu, abin da ke dawowa wurin mai nema kuwa sau goma sha shida. Haka yake ga sona, haka yake ga rada. Kullum wanda ake nema ne ke fara sanin an fito nemansa.

Lokacin da rada ta ci kasuwarta

Mai sauraro zai ce, to in rada ba ta shiga ruwa, me ya kawo ta cikin wannan zance? Amsar tana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus na wancan zamani rabin-rabin ne. Injin dizal suke amfani da shi, shi kuwa dizal sai da iska. In sun nutse sai su koma kan batir, wanda ba ya daɗewa. A sama suna gudun kimanin kilomita 30 a awa, a ƙasa ba sa kai rabin haka. Dole kullum su taso su yi cajin batir su sha iska.

Kwamandansu, Karl Dönitz, ya gane cewa sona ba ta iya rarrabe jirgin da ke saman ruwa. Sai ya umarci mutanensa su riƙa taruwa kamar kyarketai, su afka wa ayarin jiragen kaya cikin dare, a saman ruwa. Na ce ayari, kuma da gangan na faɗa, domin dabarar da Birtaniya ta bi ita ce ta fataken da: a tafi tare, a sa 'yan rakiya masu makami a gefe. Freetown ta Saliyo na cikin manyan zangunan da ake haɗa ayarin.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Daga 1940, ana kawo jiragen saman yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri, su wuce Khartum har Alƙahira. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda dattawa ke kira 'yan Bama, ta jirgin ruwa aka kwashe su zuwa Indiya. Wanda kakansa ya je wancan yaƙi ya sani cewa tsohon ya ratsa ruwan da ake wannan farauta a cikinsa.

Birtaniya ta ɗora rada a jiragen sama don su riƙa kama jiragen Jamus in sun taso. Ta farko tana aiki da zango mai tsawon mita ɗaya da rabi. Matsalarta ita ce in jirgin ya matso kusa, amon igiyar ruwa yakan rufe abin da ake bi. Sai wani hafsa mai suna Humphrey de Verd Leigh ya kawo shawarar a ɗaura wata ƙatuwar fitila a jikin jirgin, a bi sawu da rada cikin duhu, sai an zo dab a haska. A 1942 aka fara amfani da ita a Mashigin Biscay, hanyar da jiragen Jamus ke bi daga sansanoninsu na gaɓar Faransa.

Jamusawa suka mai da martani da wata na'ura mai suna Metox, wadda ke jin kururuwar rada tun daga nesa, jirgi ya nutse kafin a iso. Kifi na ganinka, mai jar koma. Amma tun a 1940 wasu masana biyu a Jami'ar Birmingham, John Randall da Harry Boot, sun ƙera wata 'yar na'ura mai suna magnetron, wadda ke iya fitar da zango mai tsawon santimita goma da ƙarfin gaske. Da aka ɗora irin wannan rada a jiragen sama a 1943, kunnen Metox bai kai nan ba. Jamusawa suka riƙa ganin bam na sauka ba tare da gargaɗi ba. Ruɗewa ta kai su har suka yi zargin Metox ɗin ce ke tona musu asiri, suka hana amfani da ita.

Akwai kuma laifin baki. Dönitz yana son ya riƙa juya jiragensa daga hedikwata, don haka suna yawan magana da shi ta rediyo. Jiragen rakiya kuwa suna ɗauke da na'urar da ke nuna ɓangaren da saƙon rediyo ya fito, ko da ba a fahimci abin da ya ƙunsa ba. A Bletchley Park ta Birtaniya kuma ana ta warware rubutun sirrin nasu. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. A watan Mayun 1943 kaɗai Jamus ta rasa jirage sama da 40, a ɗaya daga ciki har da ɗan Dönitz na cikinsa. Ranar 24 ga watan ya janye jiragensa daga Arewacin Atlantika. Cikin mutum kimanin 40,000 da suka yi aiki a waɗannan jirage, kusan 30,000 ba su koma gida ba.

Kafin yaƙin ya ƙare Jamusawa sun fito da dabaru biyu da har yau ake cin moriyarsu. Ɗaya bututun shaƙar iska ne, wanda suka samo daga jiragen Holan, yadda jirgi zai kunna dizal yana nutse, kan bututun kaɗai ke waje. Ɗayar kuma rigar roba ce mai ƙananan ramuka, wadda suka kira Alberich, da ake manna wa jikin jirgi don ta shanye sautin sona. Rada ta koma farautar kan bututu da madubin leƙe, aikin da take yi har gobe.

Zamanin kasa kunne

A 1955 jirgin Amurka mai suna Nautilus ya fara tafiya da makamashin nukiliya. Irin wannan jirgi ba ya buƙatar iska, yana tace ruwan sha daga teku, yana samar da iskar numfashi daga ruwa. Abin da ke mai da shi gida shi ne ƙarewar abinci da gajiyar mutane. A watan Agustan 1958 Nautilus ya ratsa ta ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya. Jirgin da ba ya tasowa, rada ba ta da abin yi da shi. Sai aka koma ga kunne.

Shi kuwa teku ba ɗaki ne fayau ba. Duk wanda ya taɓa wanka a kududdufi da rana ya san saman ruwan da ɗumi, ƙafa kuwa tana taɓa sanyi. Teku ma hawa-hawa yake. Sauti ya fi sauri a ruwan ɗumi, ya fi sauri kuma inda nauyin ruwa ya yi yawa, sannan kullum yana lanƙwasawa ya nufi inda tafiyarsa ta fi nawa. Saboda haka a ƙarƙashin iyakar da ke tsakanin ruwan ɗumi da na sanyi akwai wuraren da sautin sona ba ya kaiwa, kamar inuwa. Kyaftin ɗin da ya san aikinsa yakan auna zafin ruwa kullum, ya shige wannan inuwa ya lafe.

Amma wannan ɗabi'a ta ruwa tana da wata fuskar. A zurfin kusan mita 1,000, sanyi ya rage wa sauti gudu, nauyin ruwa kuma bai kai ga ƙara masa ba. Sautin da ya shiga wannan tsakani in ya yi sama a lanƙwaso shi, in ya yi ƙasa a lanƙwaso shi, sai ya yi ta tafiya kamar ruwa a cikin bututu. Maurice Ewing da Lamar Worzel sun tabbatar da haka a 1944, shi ma Leonid Brekhovskikh na Tarayyar Sobiyet ya gano shi a nasa ɓangaren. A 1991 an aika sauti daga kusa da Tsibirin Heard a kudancin Tekun Indiya, aka ji shi a gaɓar Amurka ta gabas da ta yamma.

A kan wannan ilimi Amurka ta gina wani shiri na sirri mai suna SOSUS tun daga shekarun 1950. Ta shimfiɗa jerin kunnuwan lantarki a ƙasan teku, ta haɗa su da tasoshin da ke kan tudu ta wayoyi. Inda aka fi sa wa ido shi ne mashigin da ke tsakanin Greenland da Iceland da Birtaniya, domin ta nan jiragen Sobiyet na arewa za su bi in za su shiga Atlantika.

Me ake saurare? Kowane inji yana da muryarsa. Uwargida tana tsakar gida takan gane ƙarar babur ɗin maigidanta cikin babura goma. Bakanike nagari kafin ya buɗe mota ya san abin da ke damunta. Haka ma'aikatan sona suke. Daga bugun farfela sukan ƙidaya yawan fukafukanta da saurin juyawarta, daga gurnanin famfo da janareto su gane irin jirgin, wani lokaci har su ce wane ne. Ana kuma jan doguwar igiya mai jerin kunnuwa a bayan jirgi don a nisanta su da hayaniyar jirgin kansa. Jiragen sama irin su P-3 da P-8 kan watsa ƙananan na'urorin sauraro masu yawo a kan ruwa. Wasu kuma na ɗauke da na'urar da ke jin yadda tarin ƙarfe ke karkatar da maganaɗisun ƙasa, sai dai ita sai an zo kusa ƙwarai take aiki.

Sana'ar yin shiru

Tunda kunne ake kasawa, maganin ɓuya shi ne shiru. Babbar mai tona asiri ita ce farfela. In ta yi saurin juyawa, ruwan da ke bayan fukafukanta yakan yi kumfa, kumfan su fashe da ƙara mai zuwa nesa. Shi ya sa ake yin farfela babba mai fukafukai da yawa masu lanƙwasa, wadda ke juyawa a hankali, ko a sa ta cikin wani kwanso. Siffarta sirri ce, har lulluɓe ta ake yi in an fito da jirgi kan tudu.

Sai injuna. Kun san yadda mai shago kan ɗora janareto a kan tsohuwar taya don kada girgizarsa ta dami maƙwabta? Wannan ita ce dabarar, sai dai an kai ta maƙura. Ana ɗora injuna gaba ɗaya a kan wani dandamali da ke zaune a kan roba, yadda girgiza ba za ta taɓa ƙarfen jikin jirgi ba. Ana lulluɓe jikin da dubban fale-falen roba. Su ma mutanen ciki an hore su: takalmi mai taushi, ba buga ƙofa, domin sifana ɗaya in ta faɗi a kan ƙarfe tana iya isa kunnen wani.

Shekaru da dama jiragen Sobiyet suna da hayaniya, Amurkawa na bin su a baya ba su sani ba. Sai wani ma'aikacin sadarwa na sojan ruwan Amurka mai suna John Walker ya yi ta sayar wa Sobiyet asirai daga 1967 har aka kama shi a 1985. A 1987 kuma ta bayyana cewa wani reshen kamfanin Toshiba na Japan da kamfanin Kongsberg na Norway sun sayar musu da injunan sassaƙa ƙarfe masu aiki da kwamfuta, irin waɗanda ake gyara farfela da su. Sababbin jiragen Sobiyet suka yi tsit, kunnuwan da ke ji daga nisan duniya suka koma sai an matso.

Wani abin mamaki shi ne jirgin nukiliya, duk tsadarsa, ba ya iya kashe komai da komai, don tukunyarsa kullum tana buƙatar sanyaya. Ƙaramin jirgi mai batir kuwa in ya lafe kamar babu shi. Suwidin ta ƙera jirginta Gotland da injin da ke aiki da iskar da aka mayar ruwa aka adana a tanki, yana iya kwashe kusan mako biyu bai taso ba. Amurka ta yi hayarsa daga 2005 zuwa 2007 don atisaye, kuma rahotanni sun nuna ya sha kutsawa har kusa da katafaren jirginta mai ɗaukar jiragen sama ba a ji shi ba. A watan Oktoban 2006 wani jirgin Sin mai dizal ya ɓullo 'yan kilomitoci kaɗan daga jirgin Amurka Kitty Hawk kusa da Okinawa.

Ko an ji motsi ma, ganin Dala ba shiga birni ba ne. A yaƙin Falkland na 1982, jirgin ƙarƙashin ruwa na Birtaniya Conqueror ya nutsar da jirgin yaƙi General Belgrano na Ajantina, mutum 323 suka mutu, manyan jiragen yaƙin Ajantina suka koma kusa da gaɓa. Ita ma Birtaniya ta yi makonni tana neman jirgin ƙarƙashin ruwa na Ajantina guda ɗaya, San Luis, ta zubar da makamai masu yawa, ba ta same shi ba. Teku cike yake da hayaniya: jiragen kaya, ruwan sama, dabbobi. Bayan wani jirgin Sobiyet ya maƙale a duwatsu kusa da sansanin Karlskrona na Suwidin a 1981, sojan ruwan Suwidin sun shafe shekaru suna bin wani sauti da suke zargin na maƙiyi ne. Da aka ba masana halittun ruwa suka saurara, sai ga shi, a gafarce ni, iska ce wasu ƙananan kifaye ke saki ta baya.

Shirun yana da farashi. Jirgin da ba ya son a ji shi ba ya kunna sona mai magana, don haka da taswira da lissafi yake tafiya kamar makaho a gidan da ya sani. A 2005 jirgin Amurka San Francisco ya yi karo da wani tsauni a ƙarƙashin ruwa, mutum ɗaya ya rasu. Masu nema ma suna ɓarna: ƙarar sona mai ƙarfi ta sa manyan dabbobin teku faɗowa gaɓa suna mutuwa a Bahamas a 2000 da Tsibiran Kanari a 2002.

Ina ruwanmu?

Yanzu na dawo kan tambayar da na ce a riƙe. A Afirka, Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu ne ke da jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa. Nijeriya ba ta da su. Amma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutumin Kano da na Kaduna sun ji a jikinsu, a banki da waya. Man da ƙasar ke sayarwa, da sauti ake gano shi a ƙarƙashin ƙasan teku. Jirgin sojan ruwanmu mai suna Lana, wanda aka karɓa a 2021, aikinsa auna zurfin ruwa da zana taswirar ƙasansa, da sona yake yi. Da jirgin Ajantina San Juan ya ɓace da mutum 44 a Nuwamban 2017, kunnuwan da aka dasa kusa da Tsibirin Ascension da na Crozet don sa ido kan gwajin nukiliya ne suka jiyo ƙarar fashewarsa, bayan shekara guda aka gano shi a zurfin kusan mita 900. Duk wannan lissafi ne da kimiyyar sauti, darussan da wasunku ke gudu a aji. Ɗan Sakkwato ko Damagaram ba ya buƙatar a haife shi a bakin teku kafin ya iya su.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi nauyi. Ranar 27 ga Oktoba 1962, lokacin rikicin Kyuba tsakanin Amurka da Sobiyet, jiragen Amurka suka gano jirgin Sobiyet mai lamba B-59, suka kewaye shi suna jefa ƙananan nakiyoyi don su tilasta masa tasowa. Ba su san yana ɗauke da makami mai kan nukiliya ba. A ciki zafi ya yi tsanani, batir ya kusa ƙarewa, an kwana biyu ba labari daga Mosko. Kamar yadda wasu da ke cikin jirgin suka ba da labari daga baya, kyaftin ɗin ya zaci yaƙi ya ɓarke, ya nemi a harba. Wani babban hafsa mai suna Vasili Arkhipov ya ƙi yarda. Jirgin ya taso.

Ku lura, ranar da duniya ta fi kusa da halaka ita ce ranar da masu nema suka yi nasara. Tun 1969 Birtaniya ba ta taɓa rasa jirgi ɗaya mai makaman nukiliya a ɓoye cikin teku ba, Amurka da Rasha da Faransa ma suna da irin wannan tsari. Hikimar ita ce babu wanda zai kai harin farko, tunda ya san akwai mai ramawa a inda ba ya gani. Yau ana ƙoƙarin yaye wannan duhu da jirage marasa matuƙi, da tauraron ɗan'adam, da kwamfutoci masu tace sauti. Ban ce kada a yi bincike ba. Amma ranar da wata ƙasa ta tabbata tana ganin duk jiragen abokiyar gabarta, ranar ce ita abokiyar gabar za ta ji cewa in ba ta riga harbawa ba, ba za ta samu dama ba. Jiragen nan biyu da suka yi karo a 2009 sun koma gida da 'yan raunuka, aka gyara su, suka sake nutsewa inda babu mai jin su. Ni dai na fi samun barci da hakan.

A nan zan dasa aya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina kuma jiran gyara da tambayoyinku.